Zafin bazara: sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya

Kowace shekara, da zarar ɗari ya wuce watan Maris ya raba, magana ɗaya ce ke cika bakin jama'a tun daga Yamai har Difa, wato zafi. Cikin watan Afrilu da na Mayu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram, wata rana ma ya kai 45 a cikin inuwa. Mutane sukan yi kuka da shi a kasuwa da tasha, su ce Allah shi kawo damina lafiya, kowa ya koma bakin aikinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zafin nan yana kashe mutane, kuma da yawa daga cikin waɗanda yake kashewa, ruwa da inuwa da hutu sun isa su tsirar da su.

Abin da ya faru a ƙasar Mali ya isa misali. Ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2024, zafi ya kai digiri 48 da rabi a birnin Kayes. A babban asibitin Gabriel Touré na Bamako an ƙidaya mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali kuwa a watan Afrilun 2023 gaba ɗayansa mamata 130 aka ƙidaya. Da yawansu tsofaffi ne da suka haura shekara 60. Zafin ya zo cikin azumi, ga kuma yankewar wutar lantarki. Iskar da ta ƙona Kayes ita ce ke bi ta kan Nijar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ya wajaba kowane ɗan ƙasa, musamman wanda ya koyi karatu da wanda ke riƙe da wani muƙami, ya san inda zafin jiki yake fitowa da kuma ta inda yake fita. Wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar a roƙe shi kafin ya kafa rumfa ko ya ajiye randa.

Murhun da ba ya mutuwa

Jikin ɗan Adam murhu ne da ke ci dare da rana. Tuwo da fura da ya ci su ne itacen, iskar da yake shaƙa ita ce ke hura wutar. Ko yana barci, hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda suna aiki, aikin nan kuwa yana haifar da zafi. Babban mutum da ke zaune bai yin komai yana fidda zafi kusan daidai da na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Da a ce zafin nan ba shi da mafita, da jiki ya ƙaru da kusan digiri ɗaya cikin kowace awa.

Idan mutum ya ɗauki hauya, ko ya hau tsani da bulo a ka, sai naman jiki ya shiga aiki. Daga cikin ƙarfin da naman jiki ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka ne ke zama aiki, sauran duk zafi yake komawa. Shi ya sa magini ko ɗan dako yake haifar da zafi ninki biyar ko shida na wanda ke zaune bisa tabarma, ko da kuwa rana ɗaya ce ke dukansu.

Amma jiki ba ya lafiya sai zafin cikinsa ya tsaya kusa da digiri 37. Akwai wani ɗan wuri a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke auna zafin jini ko da yaushe. In ya ji sanyi, sai ya matse hanyoyin jinin fata, ya sa mutum makyarkyata don naman jiki ya ƙara wuta. In ya ji zafi, sai ya buɗe hanyoyin, jini ya kwaso zafin ciki ya kawo shi bisa fata, kuma ya umarci zufa ta fito.

Ƙofofi huɗu

Zafin da jini ya kawo bisa fata yana da ƙofa huɗu ta fita. Ta farko, fata tana watsa zafi zuwa ga abin da ya fi ta sanyi ko ba ta taɓa shi ba, kamar yadda garwashi ke ɗuma mai zaune nesa da shi. Ta biyu, ta hanyar taɓawa, kamar mai kwanciya bisa daɓe mai sanyi. Ta uku, iskar da ke wucewa takan ɗebi zafin fata ta tafi da shi. Ta huɗu ita ce bushewar zufa.

Ga inda matsalar ƙasar Sahel take. Zafin fatar mutum bai cika wuce digiri 35 ba. Zafi kuwa kullum daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa ga mai sanyi, kamar ruwa daga tudu zuwa kwari. Idan iska ta kai 42, bango ya gasu, rufin tol ya zama kamar kasko, to ƙofofi uku na farko sun juye, maimakon su fidda zafi sai su shigo da shi. Ba abin da ya rage wa mutum sai zufa ita kaɗai.

Kowace mace mai randa ta san asirin zufa, ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Randar ƙasa tana tsatsafo, ruwan da ya fito bayanta yana bushewa, bushewar nan ce ke sanyaya na ciki. Haka salkar makiyayi take yi. Bokitin roba ba ya tsatsafo, shi ya sa ruwansa ke ɗumi. Fatar mutum tana da ƴan kafofin zufa fiye da miliyan 2. Litir ɗaya na zufa, in ya bushe bisa fata, yakan ɗauke zafin da mutum mai hutawa ke haifarwa cikin awa bakwai ko takwas. Mai aikin ƙarfi cikin rana kuwa yakan zubar da litir ɗaya ko fiye cikin awa guda, a yini ya iya kai litir 10.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, randar da ba a zuba mata ruwa ba za ta ƙafe. Zufa daga jini take fitowa, in ba a maida abin da ya fita ba, jini ya ragu, zuciya ta dinga gudu don ta ciyar da fata da ƙwaƙwalwa lokaci guda, ƙoda ta rasa rabonta. Na biyu, zufar da ta ɗiga ƙasa ba ta sanyaya kowa, sai wadda ta bushe bisa jiki. Don haka ne kwanakin ƙarshen bazara, lokacin da iska ta ɗauko laima hadari yana haɗuwa bai zuba ba, suka fi gajiyar da mutum, ko da ma'auni bai kai na Afrilu ba. Don haka ne kuma riga mai faɗi ta auduga ta fi matsattsen tufafin leda, domin tana barin iska ta ratsa.

Wa zafi ya fi kamawa?

Tsoho ba ya zufa kamar saurayi, kuma ƙishirwa ba ta saurin gaya masa cewa ruwan jikinsa ya ragu. Jariri ba ya iya tashi ya nemi inuwa, ƙaramin jikinsa kuwa yana saurin ɗaukar zafi, balle in an goya shi an lulluɓe da zane mai kauri. Mace mai ciki tana ɗauke da murhu biyu. Masu hawan jini, da ciwon suga, da ciwon zuciya ko na ƙoda, jikinsu ba shi da rarar ƙarfin da zai yi wannan kokawa. Bayan su sai waɗanda abincinsu ke cikin rana: magina, ƴan dako, ƴan ga-ruwa, ƴan kabu-kabu, maƙera, masu gashin burodi, masu haƙar zinari, masu noman rani, da mata masu tafiya rijiya mai nisa.

Dare ma yana da nasa hukunci. Idan ɗaki ya kwana da zafi sama da digiri 30, zuciya ba ta samun hutu, gobe ta wayi gari da gajiyar jiya. Shi ya sa mutuwa take yawaita idan zafi ya jera kwanaki, ba a rana ta farko kawai ba.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, ɗaurewar naman ƙafa, da fitsari kaɗan mai duhu. Mai wannan hali a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai zawo. In kuwa ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko ya faɗi, jikinsa kamar wuta, to zafin cikinsa ya wuce digiri 40, wannan shi ne bugun zafi, kuma yana iya kisa cikin ƴan awoyi. Nan take a kwarara masa ruwa a dukan jiki, a yi ta yi masa fifita, a ci gaba da haka har a isa gidan likita. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ƙwayar masassara ba ta sauke irin wannan zafi, domin a masassara ƙwaƙwalwa ce da kanta ke ɗaga zafin jiki don yaƙi da cuta, a bugun zafi kuwa mafita ce ta toshe. Tun da bazara lokacin sanƙarau ne, kuma masassarar sauro ma tana rikita hankali, likita ne kaɗai zai rarrabe. Aikin dangi shi ne su sanyaya shi, su gaggauta kai shi.

"Ai an saba"

Akwai masu cewa ɗan Sahel cikin zafi aka haife shi, zafi ba ya yi masa komai. Akwai gaskiya a cikin maganar. Wanda ya yi mako ɗaya ko biyu yana aiki cikin zafi, jikinsa yakan fara zufa da wuri, ya fidda ta da yawa, ya rage zubar da gishiri. Amma sabo yana da iyaka. Sabo ba ya sa jiki ya yi zufa da ruwan da ba a sha ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Dukansu ƴan ƙasar zafi ne. A aikin hajjin 2024 ma, zafi ya haura digiri 51 a Makka, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu.

Kakanni kuwa ba da ƙarfin hali kaɗai suka zauna da zafi ba, da dabara suka zauna. Sun gina soro da tubali mai kauri, wanda ke shan zafin rana a hankali ya bar ciki da sanyi, irin gidajen da har yanzu ake gani a unguwar Birni ta Damagaram. Sun fita gona da asuba, sun koma inuwa da rana ta take. Sun ajiye randa a ƙofar gida domin mai wucewa. Matafiya sun yi tafiyar dare. Yau an musanya soro da bulon siminti da rufin tol, an sare itatuwan bakin hanya, ana zuba kankare da ƙarfe biyu na rana. Duniya kuma ta ƙara zafi: shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafin ta zafi, kuma masana da suka binciki zafin Afrilun wannan shekara a Sahel sun nuna cewa ba don hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da ke ɗumama duniya ba, da bai kai haka ba. Dabara ta ragu, zafi ya ƙaru.

Wasu kuma sukan ce ajali ne. Rai a hannun Allah yake, babu mai musu. Amma addinin Musulunci ya sauƙaƙa wa marar lafiya ya sha azumi ya rama, ya sauƙaƙa wa tsohon da ba ya iyawa ya ciyar, har an yarda a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta. Tun da addini ya sassauta ibada saboda lafiyar bawa, wane dalili mai shantiye zai kawo na hana lebura hutun tsakar rana?

Aikin da ke gaban hukumomi

Ba za a iya sa wa kowane gida na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma ko an sa, wutar ba ta isa. Abin da ake bukata ya fi haka araha. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300. A shekarar 2013 hukumar birnin ta kafa tsari: gargaɗi tun kafin zafi ya iso, wuraren shan ruwa, horar da ma'aikatan lafiya, daga baya kuma shafa farin fenti bisa rufin gidajen talakawa. Binciken da aka yi ya nuna mace-macen zafi sun ragu ƙwarai. Abin da birni ɗaya ya yi da ƙaramin kuɗi bai fi ƙarfin Maraɗi ko Tawa ba.

Na farko, gargaɗi. Ma'aikatar hasashen yanayi tana iya sanin zuwan kwanakin tsananin zafi tun kafin su iso. Labarin nan ya kamata ya fita a radiyo da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci, tare da bayanin abin da za a yi, ya kuma isa ga sarakuna da limamai da masu unguwa.

Na biyu, lokacin aiki. Ƙasar Saudiyya tana hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ƙasar Katar, tun shekarar 2021, tana hanawa daga ƙarfe 10 zuwa 3 da rabi a watanninta na zafi. Ya dace duk kwangilar da gwamnati ta bayar ta ƙunshi sharaɗi irin wannan domin Afrilu da Mayu: a fara da asuba, a tsaya da tsakar rana, a ajiye ruwa da rumfa a wurin aiki. Ɗan kwangila zai ce aiki zai yi jinkiri. Amma leburan da jiri ke ɗiba ba ya aikin kirki, wanda ƙodarsa ta lalace kuwa ya bar aiki ke nan har abada.

Na uku, gini. Tun ran gini ran zane. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi cikin shekarar 2021 ta ci rayukan yara fiye da 40, saboda haka neman maye su da gini mai ƙwari daidai ne. Amma ajin da aka rufe da tol tsirara, ba rufin ciki, ba tagogi masu fuskantar juna, tanda ce aka gina wa ƴan lakwal. Rufi mai tsawo, da rufin ciki, da farin fenti a sama, da tagar da iska ke shiga ta fita, su ne ya kamata a rubuta cikin takardar kwangila, ga makaranta da gidan likita baki ɗaya. Magina masu ginin ƙasa marar itace, waɗanda aka fara horarwa a Nijar tun shekarun 1980, a ba su aiki.

Na huɗu, inuwa. Tun shekarar 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ranar 3 ga watan Agusta, kuma manoman Maraɗi da Damagaram sun raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassabe na gyara. Gawo ma ganyensa da rani yake fitowa, daidai lokacin da ake neman inuwa. Sai dai a birni ba a ƙidaya icen da aka dasa, sai wanda ya rayu. Kowace tasha, da kasuwa, da farfajiyar asibiti inda masu jinya ke yini, da bakin pampo inda mata ke layi, tana bukatar dogon yaro ko rumfa, da wanda aka ɗora wa alhakin ban ruwa.

Na biyar, ƙidaya. Wanda zafi ya kashe, sau da yawa a kan rubuta cewa zuciya ce ko tsufa. Idan gidajen likita suna rubuta yawan marasa lafiya da mamata a ranakun tsananin zafi, hukuma za ta san girman abin da take yaƙi da shi.

Aikin da ke gaban kowane gida

A sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba, a duba fitsari: in ya yi duhu, ruwa bai isa ba. A miƙa wa tsoho moɗa ko bai tambaya ba. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwa kuwa ta yawaita shan ruwa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci. Idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, bantilate iska mai zafi kawai take hurowa, sai an jiƙa jiki ko an yafa jiƙaƙƙen zane sannan take amfani. Fadojin matasa da ƙungiyoyin mata suna iya raba unguwa tsakaninsu, su leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai safe da yamma.

Ilimin nan yana da amfani har cikin ɗari, domin ƙofofin da ke toshewa da bazara su ne ke buɗewa fiye da kima a watan Disamba da Janairu. Jariri sabon haihuwa yana fitowa a jiƙe, ba ya iya makyarkyata, zafinsa yana zuba cikin ƴan mintoci. Shi ya sa ake koya wa unguwar zoma ta goge shi nan take, ta ɗora shi bisa ƙirjin uwarsa fata da fata, ta rufe masa kai, a jinkirta wanka har kwana ɗaya. Murhu ɗaya ne: da ɗari a tattala wutarsa, da bazara a buɗe mata hanya.

Malaman karatun manya su sa wannan darasi cikin ajinsu kafin Maris ya kama. Wanda ya karanta shi ya karanta wa wanda bai iya ba. Shugabannin jahohi da na birane kuwa kada su jira sai an fara ɗaukar gawa sannan su kira taro, domin rumfa da randa cikin ɗari ake tanadinsu. Ƙasa ba ta ginuwa sai da hannun manomi da magini da ɗan dako, su kuwa ba su ja na rijiya sai da ruwan ciki.

Allah shi ba da lafiya, shi kawo damina mai albarka.